Gabara ko Kar-ka-taɓa-ni: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Dasa, Ka Kula da Su a Gidanka na Kaduna

Tun da na tone gabarar da ke jikin katangata na mayar da ita cikin duro, da wuya baƙo ya shigo gidan bai tsaya a kanta ba. Wannan ya ce a ɗibar masa iri, wancan ya ce ita ce za ta kare masa tsakar gida daga idon benen da aka gina a bayansa. Daga ɓangaren mata da 'yan makaranta kuma tambayar daban ce. Sun ga hoton wata fulawa mai ruwan lemo a waya, wadda Turawa ke kira jewelweed, suna son sanin ko tana yi a Kaduna, in kuma tana yi, wace ce ta fi tsakaninta da gabara. Amsar da ake bayarwa a tsaye a bakin ƙofa ba ta isa, shi ya sa na zauna na jera aikin daga farko.

Ga hukuncina tun kafin mu yi nisa. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Gabara katanga ce mai rai, ta rana, mai shekaru. Kar-ka-taɓa-ni, wato dangin jewelweed, ado ne na inuwa, na damina ɗaya. Abin da ya haɗa su biyu ne kawai: duk suna son ruwa, kuma duk suna yaɗa kansu ba tare da neman izininka ba, ɗaya ta ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta hanyar harba 'ya'yanta. Ba a dasa gabara sai an riga an gama yi mata shamaki. Ita kuwa jewelweed ta asali ba ta ƙasarmu ba ce, amma tana da 'yar'uwa da ke yi a nan ƙwarai.

Mataki na 1: San abin da kake saye

Gabara, wasu su ce macara, ita ce masana ke kira Arundo donax. Ciyawa ce, dangin masara da rake, amma tana kai mita 6, wani lokaci ta wuce. Karanta na da rami a ciki, kaurinsa santimita 2 zuwa 3. Ganyen kore ne mai ɗan toka-toka, tsawonsa santimita 30 zuwa 60, yana fita ɗaya dama ɗaya hagu kamar na masara, kuma gindin ganyen yana rungume da karan da 'yan kunnuwa biyu. Saiwarta ita ce abin lura: gaɓa-gaɓa ce mai tauri, kamar cittar Kachia da ta yi girman dantse.

A wurin masu sayar da fulawa na bakin titi za a iya miƙo maka wani abu daban da sunanta. Yanki kara ɗaya ka duba. In cikinsa a cike yake, ba gabara ba ce, wataƙila ciyawar giwa ce ta masu kiwo. In ganyen ƙanana ne, kowanne da ɗan siririn wuya, ba ya rungumar karan, gora ce. Akwai kuma irin gabara mai ratsin fari a ganye. Ita ba ta kai koren tsawo, ba ta kai ta ƙarfi, kuma ita na fi ba mai ƙaramin gida shawara.

Jewelweed ta asali, Impatiens capensis, 'yar Arewacin Amurka ce. Tana fita a bakin rafi cikin inuwar daji, karanta ruwa-ruwa ne har kana iya hango haske ta cikinsa, tana kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, furenta ruwan lemo da ɗigo-ɗigon ja. Shekara ɗaya take yi ta mutu. 'Yan'uwanta biyu ne ke hannun masu fulawa a nan. Ta farko balsam, Impatiens balsamina, 'yar asalin Indiya, mai tsayuwa a miƙe, furen na manne da kara, ja ko fari ko ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi. Ta biyu Impatiens walleriana, 'yar Gabashin Afirka, gajera mai faɗi, wadda ta fi son inuwa sosai. Dukansu kwanson irinsu na fashewa da an taɓa shi, daga nan sunan kar-ka-taɓa-ni ya samo asali.

Gargaɗi: kar ka je bakin Kogin Kaduna ka tono dogon kara ka kawo gida da sunan ka samu a kyauta. Hausawa na kiran doguwar ciyawar bakin kogi ma da gabara, kuma ita ma mai mamaye wuri ce. Ban da haka, tonon gaɓar kogi zaizaye ta yake yi.

Mataki na 2: Zauna da wurin kwana uku

Kafin ka kashe ko sisi, duba wurin da kake nufi sau uku a rana har kwana uku: da hantsi, da azahar, da la'asar. Rubuta lokacin da rana ta sauka a kansa da lokacin da ta bar shi.

Wurin da ke samun rana awa 6 ko fiye, na gabara ne. Wurin da ke samun ranar safe kawai, inuwa ta rufe shi tun kafin azahar, kamar gabashin ɗaki ko gefen mangwaro, na balsam ne. Lungun da rana ba ta sauka sai haske kawai, na walleriana ne. In ka juya su, gabara za ta yi siririya ta kwanta tana neman haske, balsam kuwa kullum da azahar za ka tarar da ita ta yi laushi kamar an zuba mata ruwan zafi.

Sai ka ɗaga kai sama, ka kuma duba ƙasa. A sama, wayar wutar da ta shigo gidanka tana ina? Kara mai mita 6 da iskar farkon damina ke kaɗawa ba abin barin kusa da waya ba ne. A ƙasa, ina sokawe, ina bututun ruwa, ina kwata, ina tushen katanga?

Nan ne na yi kuskurena. Na dasa gindi ɗaya tal, taku biyu daga katangar da ta raba ni da maƙwabcina, ba nisa da sokawe. Damina ta farko na yi ta murna. A ta uku, wata safiya dattijon ya yi sallama, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, zo ka ga baƙin da ka aiko mini." Na bi shi. A bayan ɗakin girkinsu, tsirrai bakwai ne suka ɓullo ta tsagar daɓen siminti, kowanne kaurin babban yatsa, kansa da tsini kamar mashi. Saiwar ta bi ta ƙarƙashin tushen katanga. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ni na jawo, ni zan gyara." Gyaran nan ya ci ninkin-ba-ninkin abin da na kashe wajen dasawa.

Gargaɗi: in gidanka na kusa da kogi ko rafi, ko a unguwar da ruwa ke shiga gidaje in kogi ya cika a watan Agusta da Satumba, ka haƙura da gabara gaba ɗaya. Ba ta iri take yaɗuwa ba, da guntun saiwa da guntun kara take tafiya, kuma ambaliya ce motarta. Haka ta cinye bakin koguna a Kalifoniya da Tekzas, a Afirka ta Kudu kuma doka ta wajabta a kawar da ita. Tana cikin jerin halittu 100 mafi muni wajen mamaya da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta fitar.

Mataki na 3: Lissafin kaya, kuɗi da ruwa

Na gabara: duro mai lita 200 da za a raba biyu, ko bulo da siminti da yashi in gini za ka yi, diga, shebur, adda mai kaifi, baro, safar hannu mai kauri, riga mai dogon hannu, baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin shanu. Duron hannu na biyu ana samunsa a Panteka, a can kuma za a yanka maka shi.

Na balsam: iri ko 'yan tsirrai a leda, tukwane ko tsofaffin bokitai, ƙasa mai laushi, yashi, butar ban-ruwa mai rariya a baki. Ke nan.

Wajen kuɗi, gabara ita kanta ba ta da tsada, sau da yawa ma maƙwabci zai ba ka. Abin da ke cin kuɗi gidanta ne, sai ladan mai saran ta duk shekara, sai babban kuɗin da ke jiran wanda ya ƙi gina mata gida. Balsam sau ɗaya za ka sayi iri, daga nan kai ne za ka riƙa ba wasu.

Ruwa shi ne lissafin da mutane ke mantawa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu sama ba ta ba ka komai. A bazara, watan Maris da Afrilu, ina ba kowane rabin duro bokiti ɗaya, kamar lita 10, kullum. Rabin duro huɗu lita 40 ke nan, kusan jarka biyu mai lita 25 a kowace rana. In kana da rijiya ko burtsatse, da sauƙi. In kuwa daga hannun 'yan garuwa kake saye, ninka kuɗin jarka biyu sau 60 ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya duk suna yi mata, kuma da su nake rage nauyin.

Gargaɗi: tambayi abin da aka taɓa zubawa a duron. Na man gyaɗa ko na kayan abinci ka nema. Wanda ya ɗauki sinadari ko man fetur kar a kusance shi da abin yanka mai tartsatsi, kar kuma ka zuba ƙasa a ciki.

Mataki na 4: Gina wa gabara gida kafin ta iso

Wannan matakin ya fi sauran duka, don haka zan daɗe a kansa.

Hanya ta farko, kuma wadda nake bi yanzu, ita ce rabin duro a bisa ƙasa. Huda ramuka biyar ko shida a gindinsa, kowanne faɗin yatsa. Ɗora shi a kan bulo uku, a bisa daɓe, yadda za ka iya sunkuyawa ka leƙa ƙarƙashinsa. Dalilin ɗagawar shi ne saiwa za ta biyo ramin ruwa ta fito. In duron na zaune a kan ƙasa, za ta shige ba ka sani ba, aikinka duka ya tashi a banza. In a ɗage yake, kana ganinta ka datse. Zuba tsakuwa kaurin yatsu uku a ƙasa, sannan haɗin ƙasa: kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Bar tazarar tafin hannu daga baki don ruwa ya samu wurin tsayawa. Gabarar duro ba ta kai ta ƙasa tsawo, amma tana wuce katangar gida, kuma abin da kake nema ke nan.

Hanya ta biyu kwali ne na bulo, mai tsawo kamar kwamin shanu, in kana son shinge mai jere. Faɗin ciki santimita 60, zurfi santimita 60 zuwa 70. A zuba masa daɓen kankare a ƙasa, a cika ramukan bulon da kankare, a yi filasta a ciki. Ramukan fitar ruwa a gefe za a yi su, a saman daɓen gida, inda ido ke gani. Kar magini ya jingina kwalin da katangarka don a rage bulo. Ya zama yana da bangonsa huɗu, da tazarar da mutum zai iya sa hannu tsakaninsa da katanga.

Hanya ta uku, wadda mutane suka fi so saboda arha, ita ce a haƙa rami a kewaye shi da tsohon kwanon rufi a bar ƙasan a buɗe. Ban yarda da ita ba. Saiwar gabara na iya nutsewa har mita ɗaya, kwano kuma yana tsatsa cikin 'yan damuna, sai ta bi ta mahaɗarsa. Jan ƙasarmu mai marmara tana rage mata gudu, amma kusa da sokawe ko famfo mai yoyo ƙasar ta riga ta yi laushi.

Gargaɗi: duron roba ma ba na har abada ba ne. Bayan shekara biyu saiwa na cika shi taf, har ka ga gefensa ya kumbura. Kar ka jira ya tsage. A juye, a sare dunƙulen biyu ko uku da adda, a mayar da kashi ɗaya da sabuwar ƙasa.

Mataki na 5: Dasa gabara

Jira ruwa ya zauna, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Zaɓi guntun saiwa mai tsawon tafin hannu da ido biyu ko uku. Kwantar da shi, idanun na kallon sama, ka rufe da ƙasa santimita 10. Guntu biyu sun isa rabin duro. In kara ka samu, yi masa yadda ake wa rake: yanki mai gaɓa uku daga karan da ya ƙosa, a kwantar, a rufe sama-sama. Na saiwa ya fi saurin kamawa.

Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga tsiro. Daga nan ba ta buƙatar lallashi. A tsakiyar damina tana iya ƙara santimita 5 a rana guda. In ganye ya soma rawaya, ɗan cokali biyu na takin zamani 15-15-15 a gefen duro ya isa.

Gargaɗi: gefen ganyen na yanka fata, tsagaggen karan kuma ya fi reza. Sa safar hannu, kar kuma ka jera duron a hanyar da yara ke gudu.

Mataki na 6: In ka dage sai jewelweed ta asali

Zan faɗi yadda ake yi, sannan in faɗi dalilin da ya sa ba na ba da shawara. Irinta ba ya tsira sai ya kwana cikin sanyi da danshi na tsawon wata huɗu ko kusa da haka, a sanyin da ya kai kamar digiri 5 a ma'aunin Celsius, domin a ƙasarsu cikin ƙanƙara yake wuce lokacin sanyi. Sanyin hunturun Kaduna ba ya sauka can. Don haka sai an gauraya irin da yashi mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa a firji, ba a wurin ƙanƙara ba, daga Janairu zuwa Mayu. Firjin kuma dole ya riƙe sanyinsa duk tsawon lokacin, abin da ke da wuya a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya. Irin da ya bushe ƙarau a hanya ma yawanci ya riga ya mutu. Ga shi shigo da iri daga waje sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi.

Ƙanwar matata ta gwada. Ta yi duk abin da aka ce, uku suka tsira, suka yi tsawon kamu ɗaya a watan Yuli. Rana ɗaya ta fita unguwa ba a ba su ruwa ba, da ta dawo sun kwanta, ba su ƙara tashi ba. Na ga yadda abin ya ɓata mata rai, shi ya sa nake cewa kowa ya sa wannan ƙoƙarin a kan balsam. Maganin ƙaiƙayin da ake yabon jewelweed da shi a Amurka ma, na wata ciyawa ce mai guba ta can wadda ba mu da ita a nan.

Mataki na 7: Shuka balsam

Fara a farkon Yuni. Cika faranti ko kwali mai huji da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, rabi ƙasa rabi yashi. Jera irin da tazarar yatsa biyu, ka barbaɗa ƙasa kaɗan a kai, iya abin da zai ɓoye shi. Yayyafa ruwa da hannu. Ajiye a baranda inda ruwan sama ba zai doke shi ba. Mako ɗaya zuwa biyu zai fito.

Da ya yi ganye huɗu, dasa shi da yamma, bayan la'asar, da dunƙulen ƙasarsa. Tazara santimita 25 zuwa 30 a ƙasa, ko ɗaya a kowace tukunya. In ya kai tsawon kamu, tsinke kan da farce don ya yi rassa. Kamar wata biyu daga shuka zai fara fure, ya ci gaba har ruwa ya ɗauke.

Walleriana ba ta buƙatar iri. Karyo reshe mai tsawon yatsa, cire ganyen ƙasa, tsoma a kofin ruwa a inuwa. Cikin mako biyu za ka ga fararen saiwoyi, sai tukunya.

Ga wani abu da ke faranta mini rai game da balsam. Furenta da ganyenta na ɗauke da sinadarin da ke sa lalle ya kama, kuma a Koriya mata na daka su su ƙunsa a farce ya yi ja. 'Yata ta gwada a ɗan yatsa ɗaya da jan fure, ya kama ruwan lemo mai haske, bai kai lallenmu duhu ba.

Gargaɗi: taki mai yawa, musamman kashin kaji, ganye zai ba ka, furen ya ɓuya a ciki. Lokacin marka a watan Agusta kuma, tukunyar da ba ta tsiyaye ruwa tana ruɓar da gindin cikin 'yan kwanaki. Ba da ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. In ka ga ganye na rawaya da farin funfuna a bayansa, tumɓuke tsiron ka fitar da shi daga gidan, kar ka jefa a taki. Awaki da kaji ma a kare su, karan ba ya jure ko taku ɗaya. Shukar ado ce, a gaya wa yara ba ta ci ba ce.

Mataki na 8: Karɓar iri kafin ta watsar

Kwanson balsam kore ne mai ɗan gashi, girman ƙwallon dabino ƙarami. In ya soma komawa rawaya ya nuna. Taɓa shi kaɗan, sai ya tsage ya nannaɗe kamar yatsun da aka dunƙule, 'ya'yan su tarwatse ko'ina. Don haka rufe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ko ka zura shi cikin ƙaramar leda, sannan ka matsa. Baƙi ko ruwan ƙasa shi ne ya ƙosa, fari bai yi ba. Shanya a inuwa mako ɗaya a kan takarda, ka ajiye a ambulan ko kwalba busasshiya har damina mai zuwa.

Wanda ya kuɓuce maka zai fito da kansa da ruwan farko, a tsagar daɓe, a gindin famfo, a tukunyar wata fulawa. Nan bambancinsu da gabara ya fito fili: da yatsa biyu ake cire shi, kuma ba ya dawowa.

Mataki na 9: Aikin hunturu

Balsam ta gama nata, a tumɓuke a zuba a taki. Walleriana za ta iya ƙetare rani in ka mayar da ita baranda, ka kare ta daga iskar hunturu, ka ba ta ruwa safe da yamma.

Gabara kuwa yanzu ne take da haɗari. Busasshen ganyenta na kama wuta kamar an zuba kananzir, kuma gobarar hunturu ba ta jiran kowa. A watan Nuwamba zuwa Disamba, zage duk busasshen ganye, share gindin tas, sare tsofaffin kara daga ƙasa. Bar sababbi 'yan kaɗan in kana son su ci gaba da tsare maka ido. Ko da damina ma, ka riƙa zage ganyen ƙasa har tsawon ƙugu don kana ganin gindin, kar ya zama maɓoyar ɓera da abin da ke bin ɓera. Janareta, murhu da wurin ƙona shara su yi nesa da ita.

Karan da ya shekara biyu shi ne mai amfani. Jingine shi a tsaye a inuwa har ya koma ruwan zuma. Yana yin danga, rumfar kaji, sandar tumatir da wake, yara kuma su yi sarewa. Daga wannan karan ne, wanda ake nomawa a kudancin Faransa, ake yanka harshen bakin kayan busa na Turawa.

Gargaɗi: kar ka kafa ɗanyen kara a matsayin sandar tumatir. Zai yi saiwa a gaɓar da ke cikin ƙasa, ka wayi gari ka dasa gabara a tsakiyar lambu. Kar kuma a zubar da ɗanyen sara a kwata ko bola. A shanya shi a kan daɓe ko kwano har ya bushe ƙarau.

Mataki na 10: In ta riga ta ƙwace

Kar ka cinna mata wuta. Saman ne zai ƙone, saiwar ta fito da ƙarfin da ya fi na da, kafin komai ya farfaɗo. Sara kaɗai ma ba ya kashe ta.

Fara da sare karan duka ka kwashe. Jiƙa ƙasar kwana ɗaya kafin tono. Da diga za a bi, daga gefen waje zuwa tsakiya, ana bin kowace saiwa har ƙarshenta. A gidana lebura biyu suka yi kwana biyu, a ɓangarena da na maƙwabcina, sai da muka fasa daɓensa na sake masa sabo. Tankaɗe ƙasar da hannu, domin guntu mai ido ɗaya ya isa ya dawo da ita. Tara saiwar a kan kwano a rana har ta bushe ta yi sauƙi kamar ɓawo, sannan a ƙona ta a murhu.

Inda diga ba ta shiga, kamar ƙarƙashin tushen katanga, sai maganin ciyawa, wanda aka rubuta glyphosate a jikin kwalbarsa. Ba feshi za ka yi ba. A ƙarshen damina, lokacin da ganyen ke kore tukuna, yanke karan kusa da ƙasa, ka shafa maganin da buroshi a bakin yankan nan take, cikin minti biyu ko uku, kafin ya bushe. Sa safar roba, bi abin da aka rubuta a kwalbar, kar ka yi kusa da rijiya, kar ka yi ranar da hadari ya haɗu.

Daga nan sai sa ido. Duk mako biyu ka zaga wurin, ɓangarenka da na maƙwabci in ya ba ka izini. Tsiron da ya leƙo, kar ka karye kansa ka wuce, tona ka fitar da guntun da ya haife shi. A damina ta farko bayan tonon na cire goma sha ɗaya, a ta biyu biyu, dukansu a gindin katanga ta wajen sokawe. Can za ka fara dubawa.